FILIN MANOMA: Ƙaramin Ƙarfe Mai Riƙe Babbar Dukiya

A cikin kayan aikin gona na zamanin nan akwai wani ɗan abu da ba a cika kula da shi ba sai ran da ya karye. Shi ne mariƙin ƙarfe, watau ɗan guntun ƙarfen nan mai lanƙwasa da huji biyu ko huɗu, wanda a ke ɗaure wani abu a jikin wani da shi. Masu walda su kan ce masa biraket. Shi ke riƙe faifan sola a bisa sandarsa a fadama, shi ke danne injin ban ruwa a kan amalanke, shi ke ɗauke da mashayar kaji a jikin bango, shi ke tallafe indararo a bakin kwano, shi ne kuma ke ƙarƙashin kantar da ɗan tireda ya ke jera kayansa. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, kuɗinsa kuwa ba a bakin kome ya ke ba in an gwada shi da abin da ya ke riƙe. Amma ran da ya saki, faifan sola ya faɗo ya tsage, ko inji ya zame ya fasa bututu ana tsakiyar ban ruwan tumatir, to hasarar ba ta ɗan ƙarfen ba ce, ta babban abin ce.

Akwai irinsa na kamfani a kantuna, sai dai galibinsu an yi su ne domin kabad da taga, ba su da kauri, hujinsu kuma da wuya ya faɗa daidai da na injin manomi. Saboda haka tilas mutum ya ba da a yi masa nasa. A nan kuwa kuka biyu a ke ji kullum. Wani ya ce an tsawwala masa kuɗi a kan ɗan abin da bai cika aljihu ba. Wani kuma ya ce ya samu da araha, amma an ba shi abu karkatacce, bakinsa kamar zarto, walda ta yi masa tsiro, kafin damina ta tsaya ya yi ja wur da tsatsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan sha'ani dai ana iya haɗa su biyun, gama tsadar mariƙi da kyansa duk a wajen shiri da ciniki a ke yanke su, tun wuta ba ta taɓa ƙarfe ba.

INDA A KE AIKIN

Kaduna ta daɗe da sanin ƙarfe. Hanyar jirgin ƙasa ce ta fara kawo shi da yawa, wadda ta ratsa nan ta isa Kano a 1911, sa'an nan Gwamna Lugga ya sa aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Daga baya aka kakkafa manyan ma'aikatu a Kakuri, kudu da kogi: masaƙa a 1957, ma'aikatar kayan soja a 1964, ta harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Waɗannan sun horar da mutane masu yawa aikin inji da na ƙarfe. Amma mai neman ƙaramin aiki ba can zai nufa ba. Nasa yana arewa da kogi, a Tsohuwar Panteka da ke Tudun Wada, daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Nan ne matattarar masu walda, da maƙera, da masu zubin tukwane, da masu ƙera ƙofofi da injin niƙa da na sussukar masara da mazuban abincin kaji. Nan kuma a ke samun masu sayar da sabon ƙarfe da 'yan gwangwan masu tsohonsa, duk a tafiyar ƙafa.

Ita wannan kwaleji an buɗe ta a 1956 tana makarantar koyon sana'a, aka ɗaukaka ta a 1968. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya shugabance ta daga 2017, sa'an nan ya koma shugaban Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa a 2021, yana cikin waɗanda suka dage a kan a haɗa hannu da masu sana'ar Panteka, a jarraba gwanintarsu a ba su takardar shaida. Watau akwai gwanaye a wurin. Abin da ya rage ga manomi shi ne ya san yadda zai nemi aikin gwani.

Ban da Panteka, babu unguwar da ba ta da mai walda a bakin hanya, daga Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa har Badarawa da Mando da Kurmin Mashi. Manomin da ya shigo daga Rigachikun ko Birnin Yero cin kasuwar Talata ta Kawo yana iya ba da aikinsa a nan kusa. Bambancin shi ne, mai waldan unguwa sau da yawa injin walda da giranda kaɗai gare shi. A Panteka kuwa ana samun injin huji na tsaye, da almakashin yankan farantin ƙarfe, da injin lanƙwasa. Waɗannan uku su ne ke fid da aiki sumul. Kafin a yi maganar kuɗi, mutum ya duba rumfar da idonsa, ya ga ko akwai su, ya kuma ɗauki wani aikin da aka gama ya shafa bakinsa da yatsa.

ME KE SA ƘARAMIN AIKI TSADA

Mutum ya kan yi mamaki in an gaya masa kuɗin mariƙi guda biyu, ya ce ai ƙarfen bai kai rabin kilo ba. Gaskiya ne, amma ba ƙarfen ya ke saye ba, lokacin mai aiki ya ke saye. Kafin a yanka na farko sai an auna, an zana da alli, an ɗaura bakin huji, an daidaita inji, an ta da janareto in babu lantarki. Wannan wahala ɗaya ce, ko guda 2 za a yi ko guda 40. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, ta da janareto domin ɗan aikin minti goma ya zama abin lissafi.

Na biyu, sabon ƙarfe da tsawonsa a ke sayarwa, sanda guda wajen mita 6, farantin ƙarfe kuma ƙafa 4 da ƙafa 8. In aikin mutum ya tilasta wa mai walda sayen sanda sukutum domin ya yanki kamu biyu, to lalle zai ɗora masa kuɗin saura. Ƙarfen ma kansa ba ya araha, domin ma'aikatar narka tama ta Ajaokuta da aka aza harsashinta a 1980 ta shekara fiye da 40 ba ta fara narkawa ba. Farantin ƙarfe da yawa daga ƙetare ya ke zuwa, kuɗinsa yana bin canjin dala.

Daga nan hanyar samun sauƙi ta fito fili: a rage wa mai aiki tunani da aune-aune, a zaɓi ƙarfen da ke kusa da siffar da a ke so, a kuma yi da yawa a lokaci guda.

SAMFUR YA FI BAKI

Yawancin aikin da ya lalace, a wajen kwatance ya lalace. Manomi ya zo ya ware yatsu ya ce kamar haka, mai walda ya ce ya gane, alhali kowa da abin da ke ransa. Maganin wannan kwali ne. Tun a gida mutum ya sami kwalin sabulu ko na taliya, ya yanka shi daidai faɗi da tsawon mariƙin da ya ke so, ya lanƙwasa shi, ya kara a inda zai zauna, ya huda wuraren ƙusoshi da tsinke. In bai zauna ba ya sake wani, kwali ba ya cin kuɗi. Wanda ya zauna daidai, shi zai kai rumfa. In akwai tsohon mariƙin da ya karye, a tafi da shi, ɓarin biyu duka. In abin da za a ɗaure ɗin mai ɗaukuwa ne, shi ma a tafi da shi.

Wanda ya iya rubutu, ko ya ke da ɗa ɗan makaranta, ya zana a takarda ya sa awo. A tsaya a kan awo iri ɗaya. Ƙasar nan ta koma awon mita tun cikin shekarun 1970, amma har yanzu bakin masu sana'a bai rabu da inci ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. In aka ɗauke shi 25 cif, a tsawon inci 10 an yi asarar milimita 4, wannan kuwa ya isa ya hana ƙusa shiga huji. A faɗa kuma ko daga cikin lanƙwasa aka auna ko daga bayanta, gama bambancinsu kaurin ƙarfen ne. Tazarar huji da huji, daga tsakiya zuwa tsakiya a ke auna ta, ba daga baki ba.

Akwai wani tarko a wajen ƙusa mai noti, wadda makanikai ke kira bol. Su da lambar sifana su ke kiranta. In suka ce bol mai lamba 10, kanta ne ke shiga sifana 10, jikinta kuwa milimita 6 ne. Mai lamba 13 jikinta 8, mai lamba 17 jikinta 10, mai lamba 19 jikinta 12. Mutum ya ce a yi masa hujin bol 10, mai aiki ya huda milimita 10, sai ƙusa ta riƙa rawa a ciki. Ƙa'ida ita ce huji ya ɗara jikin ƙusa da milimita 1: ƙusa 8 huji 9, ƙusa 10 huji 11. Mafi sauƙi duka, a sayi ƙusoshin tun da fari a miƙa wa mai aiki. Tsofaffin injuna na Ingila kuwa zaren ƙusarsu na inci ne, irin wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, notin zamani ba ya hawansu. Mai irin wannan inji ya kwance ƙusa ɗaya ya tafi da ita.

ZAƁEN ƘARFE

Babbar dabarar araha ita ce ƙarfen kusurwa, wanda a ke kira angul. Shi tun daga ma'aikata a lanƙwashe ya ke, kusurwarsa daidai, ba karkata. In aka yayyanka shi gunduwa-gunduwa aka huhhuda, mariƙi ya samu ke nan, babu lanƙwasa, babu walda. Sanda guda mai mita 6, in ana yankan santimita 5, za ta ba da fiye da guda 100. Duk aikin da angul zai iya yi, kada a ba da a ƙera shi daga faranti.

In ana son ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko ana son siffar da za ta rungumi bututu ko itace, sai a koma ga ƙarfe mai faɗi, wanda su ke kira falat ba. Shi ana lanƙwasa shi a bayis ko a inji. Faranti kuwa sai in siffar ta gagari waɗannan biyu, a nan ma a nemi ragowar yanka wajen masu ƙera ƙofofi da tankuna, gama su kan sayar da ita a kan sikeli, ƙasa da kuɗin sabo.

Wajen kauri, a san cewa in aka ninka faɗin ƙarfe ƙarfinsa ya ninku sau 2, amma in aka ninka kaurinsa ƙarfinsa wajen jure lanƙwasa ya ninku sau 4. Tsawon hannu kuma yana rage ƙarfi, kamar yadda bokitin ruwa ya fi nauyi in an miƙe hannu da shi. Milimita 3 ya isa mashayar kaji da indararo da ƙaramar kanta. Abin da ke ɗauke da faifan sola ko inji mai jijjiga yana son 4 zuwa 6. In hannun ya yi tsawo, maimakon a ƙara kauri sai a sa masa 'yar tokara a kusurwa, kamar yadda magini ke tokare azara.

Ga wani lissafi da 'yan kasuwa da akawuna za su so. Farantin ƙarfe mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, kauri milimita 1, nauyinsa kilo 7.85 ne. Bisa ga wannan, falat ba mai faɗin milimita 40 da kauri 4 yana da nauyin kilo ɗaya da kwata a kowace mita. Angul mai 40 da 40, kauri 4, wajen kilo 2.4 ne a mita. Misali mutum yana son mariƙi 24, kowanne santimita 20 na wannan falat ba: mita 4.8 ke nan, wajen kilo 6, sanda guda ta isa har da saura. Da ya tambayi kuɗin sanda a wajen mai sayarwa, ya san nawa ne na ƙarfe a cikin abin da aka gaya masa, nawa ne na hannu. Sikeli kuma shi ke tona asirin ƙarfen da a ke kira mai kauri 4 alhali bai cika ba.

Akwai ƙarfen da ba a so a wannan aiki ko da kyauta ne. Sifirin ɗin mota yana da kyau ga bakin garma da gatari, don haka maƙera ke sonsa, amma taurinsa ya sa ya kan tsage a gefen walda, ya kuma ci bakin huji. Rodin gini shi ma wani ya kan karye a wurin lanƙwasa. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin farin bututun ruwa, ba ya tsatsa da wuri, amma in aka sa masa walda yana fid da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, wurin da wuta ta ci kuma rufin ya tafi. Shi a huda shi a ɗaure da ƙusa ya fi. Ƙarfen hanyar jirgi da na turakun lantarki kuwa dukiyar hukuma ce, wanda aka kama da shi ba zai tsira da cewa saye ya yi ba.

HUJI, LANƘWASA DA WALDA

Abu na farko da za a yi sharaɗi a kai shi ne huji. Masu gaggawa su kan ƙara wa injin walda wuta su ɓula ƙarfe da sandar walda. Irin wannan huji ba ya zagaye, bakinsa ya ƙone ya yi tauri, noti ba ya kwanciya a kansa, daga nan kuma tsagewa ke farawa. A ce da injin huji a ke so, a kuma buga ɗan tabo da fanci kafin a huda domin kada bakin ya zame. Kada huji ya matsi baki: daga tsakiyarsa zuwa bakin ƙarfe a bar aƙalla kaurin ƙusa ɗaya da rabi, biyu ya fi. Kada kuma ya matsi lanƙwasa, in ba haka ba zai miƙe ya zama kamar ƙwai, noti kuma ya rasa wurin juyawa. Inda a ke bukatar matsar da inji domin ɗame bel, a huda biyu kusa da juna a share tsakaninsu da magagari, huji mai tsawo ya samu.

Wajen lanƙwasa, ba a son kusurwa mai kaifi kamar ninkin takarda. A bar mata ɗan zagaye a ciki kamar kaurin ƙarfen. Waɗansu su kan tsaga rabin kaurin da giranda domin ya lanƙwasu da sauƙi, su bar shi haka. Wannan mariƙi ya riga ya karye, ranar faɗuwarsa kawai a ke jira. In an tsaga, to tilas a cike da walda.

Sandar walda iri biyu aka fi aiki da su a kasuwa, geji 12 mai kaurin milimita 2 da rabi, da geji 10 mai 3 da ɗan ɗori. Ƙaramin aiki geji 12 ya ke so, gama babbar sanda da wuta mai yawa su kan ɓula siririn ƙarfe. Walda mai kyau ta kan kwanta a jere kamar kitso, ba ramuka, ba ƙuraje, ba ta ci gefen ƙarfe ta bar kwari ba. Ɗige-ɗigen nan da a ke yi domin a kama aiki kafin a daidaita shi ba walda ba ce, kada a karɓi aiki a kansu. In an gama a bar shi ya huce da kansa, kada a tsoma shi a ruwa. Manomin da ya tsaya kallo ya kau da idonsa daga hasken, ya kuma janye yaron da ya rako shi, domin hasken walda ya kan ƙona ido, sai cikin dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi.

TSABTAR AIKI

Abin da a ke kira kyan gamawa ba wani asiri ba ne, aiki ne na minti kaɗan da a ke tsallakewa in ba a yi cinikinsa ba. A ɓamɓare kashin walda da 'yar guduma, a goge da burushin waya. A share tartsatsin da ya manne da giranda, amma kada a cinye waldar kusurwa don neman sulɓi, gama ita ce ƙarfin abin. A bi duk bakin da aka yanka da magagari, a dakushe kusurwoyi su yi ɗan zagaye. A taɓa bakin kowane huji da bakin huji mafi girma domin ya ɗebe ƙayar da ta tashi. Wannan ba ado kaɗai ba ne. Baki mai kaifi shi ke yaga buhu, ya yanke wayar sola, ya ji wa akuya ko yaro ciwo. Fenti ma ba ya zama a kan kaifi, nan tsatsa ke fara kamawa.

Bayan haka sai fenti, shi kuwa ba ya kama maiƙo ko tsatsa. A goge ƙarfen da samfefa har ya yi haske, a share da tsumma da tina. A fara shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bar shi ya bushe bisa ga abin da aka rubuta a gwangwaninsa, sa'an nan a bi da fentin mai shafi biyu marasa kauri. Mai son rage kuɗi ya karɓi aikinsa a goge, ya yi fentin da kansa a gida. Ƙananan mariƙai in aka rataye su da waya aka tsoma a fenti aka bari ya ɗiɗɗige, su kan fito sumul fiye da na burushi. A rataye su a ɗaki, domin ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, raɓar damina kuma tana dusashe shi. Kada a yi fenti sai an gwada mariƙin a mazauninsa an ga ya zauna.

Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, saboda haka ƙarfen da ke waje ba ya yafe sakaci. Takin zamani da kashin kaji kuwa sun fi ruwa cin ƙarfe. Mariƙin da zai zauna a ɗakin kaji ko ɗakin ajiyar taki a ƙara masa shafi, a kuma duba shi kowace shekara.

Akwai hanyoyin manyan ma'aikatu, kamar yanka da hasken leza bisa zanen kwamfuta, da fentin gari da a ke gasawa a tanderu mai zafin wajen digiri 200, da tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450. Aikinsu ya fi kyau da ƙarko, amma sai mai ɗaruruwa su ke biya. Mai guda 20, magagari da jan fenti sun ishe shi.

YADDA A KE CINIKI

Tun da wahalar shiri ɗaya ce, to a haɗa kai. Manoman fadama ɗaya, kamar masu noman rani na bakin kogi ta wajen Rafin Guza, galibi injinsu da faifansu iri ɗaya ne. In mutum biyar suka haɗa aikinsu, sanda guda ta ishe su, mai aiki kuma zai yi ma'auni ɗaya ya riƙa ɗora sauran a kai, ya haɗa huɗu ko biyar ya huda su tare. Kowanne zai fito daidai da ɗan'uwansa, kuɗin guda kuma ya sauko ƙwarai. Kowa ya ƙara biyu a kan bukatarsa domin ajiya, gama komawa a yi guda ɗaya daga baya shi ne mafi tsada.

A yi sallama a gaisa da maigidan rumfa, da shi a ke ciniki, ba da yaransa ba. A tambayi kuɗin ƙarfe dabam, na hannu dabam, na fenti dabam. A nemi a fara yin guda ɗaya, a biya kuɗinsa, a je a gwada. In ya zauna, shi ne zai zama shaida tsakanin mai aiki da mai kaya, sauran duka a kansa za a auna su. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin ƙarfe, cikon sai ran karɓa. A rubuta adadi da kauri da girman huji da ranar alkawari a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. A tambayi rumfa biyu ko uku kafin a tsaya, amma wanda kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na kowa da nisa, a bincika abin da ya cire. Galibi kauri ne, ko huji, ko goge baki. Shi kuma manomi kada ya matse mai sana'a har ya hana shi cin abinci, sa'an nan ya zo yana neman aikin gwani.

WAJEN ƊAURAWA

Faifan sola firam ɗinsa na alminiyam ne, ba a sa masa walda, yana kuma da hujinsa a baya tun daga ma'aikata. A kan waɗannan hujin za a auna mariƙi, ba a sake huda faifan ba. Alminiyam da baƙin ƙarfe in sun haɗu cikin danshi su kan ci juna, saboda haka a sa ɗan yankin roba a tsakaninsu. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka faifai ya fuskanci kudu da ɗan jingina na digiri 10 zuwa 15, yadda zai sha rana, ruwa kuma ya wanke masa ƙura. Abin tsoro gare shi ba nauyinsa ba ne, iskar farkon damina ce mai shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga shi kamar faifan tankaɗe. A ɗaure shi ta wuri huɗu, kowace ƙusa da wosha.

Injin ban ruwa da na niƙa kuwa jijjiga ce ke kwance musu noti. A shimfiɗa yankin tsohuwar taya a ƙarƙashin ƙafarsu, a sa noti biyu a kan kowace ƙusa, a sake ɗaure su bayan aikin mako guda. In za a yi walda a jikin amalanke, a sauke injin da tankin mansa a kai su nesa tukuna.

Ran karɓar aiki mutum ya jera mariƙan a kan benci baya da baya, ya ga ko tsayinsu ɗaya, ya zura ƙusa ta ratsa hujin uku ko huɗu a tare, ya shafa bakinsu da tsumma ya ga ko zai kama zare. Wanda bai yi ba a gyara shi nan take, tun ba a biya ciko ba. Lokacin ba da irin wannan aiki kuwa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, sa'ad da akwai kuɗi a hannu, fenti kuma yana bushewa da wuri. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa a gabas zai tarar da rumfa cike da masu gyaran garma da kwanon rufi, aikin gaggawa kuwa shi ne mai tsada, shi ne kuma mai kaifin baki. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka noma, ya kuma kiyaye wa kowa dukiyarsa.